Fassara wa yara labaran duniya: yadda littafi yake isa hannun ɗan firamare a Kaduna, da inda yake maƙalewa

A cikin muradun ci gaba 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 akwai sashe mai lamba 4.7. Abin da yake nema shi ne kafin 2030 kowane ɗalibi ya tashi da ilimin zaman lafiya, da girmama al'adun wasu, da sanin cewa shi ɗan ƙasa ne na duniya baki ɗaya, ba na garinsu kaɗai ba. Wannan ba abu ne da ake koyarwa da hadda ba. Ana iya rubuta ma'anarsa a allo yara su yi ta bita har su kawo shi a jarrabawa, amma yaron da bai taɓa jin tausayin wanda ba irinsa ba, bai kama abin da ake nufi ba tukuna. Ɗan aji uku a Rigasa ko Sabon Tasha ba zai je Indiya bana ba. Abin da zai iya kawo masa wata yarinya 'yar Indiya, da kakarta, da faɗuwar gabanta ranar da ta ɓata a kasuwa, shi ne ɗan littafi mai shafi 24 da aka juya zuwa harshen da yake ji.

Harshen nan shi ne gaɓar farko. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa a Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. In aka miƙa wa irin wannan yaro littafin Turanci, ƙarfinsa duk a kokawa da haruffa zai ƙare, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, balle ya ji wani abu game da mutanen da ke cikin labarin. A Zariya da galibin unguwannin Kaduna, Hausa ce ke haɗa yara a filin wasa, har da waɗanda a gida Gbagyi ko Tyap ko Fulatanci ake yi musu. Da ita ya kamata a fara. Littafin Turanci yana da gurbinsa a kanta, sai dai ba shi ne zai fara buɗe wa ɗan aji biyu duniya ba.

Hanyar Imam da ɗaya hanyar

Jihar Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zauna a Zariya tun farkon shekarun 1930, daga baya ta zama Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East. A can ne Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku, wanda aka buga a ƙarshen shekarun 1930. Imam ya ɗebo daga Alfu Laila wa Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, ya sa musu riga da rawani, ya ba su sarki da waziri da dogarai, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haifi labaran. Shi kansa Kalila wa Dimna daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa, Ibn al-Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. Duk wanda ya ce fassararren labari baƙon abu ne da aka kawo mana jiya, to a nuna masa wannan silsila.

Amma a lura da abin da hanyar Imam take yi. Tana goge sawun baƙo gaba ɗaya. Don gina masu karatu babu kamarta, kuma ta yi aikinta. Sai dai yaron da ya karanta labarin Jamus cikin rigar Hausa bai san ya haɗu da Bajamushe ba. In manufar ita ce ya san akwai wasu mutane masu wata rayuwa, kuma su ma suna jin tsoro, suna son iyayensu, suna kuka in an yi musu rashi, to dole a bar baƙon da kamanninsa: sunansa, abincinsa, suturarsa, sanyin ƙasarsu, bukukuwansu. Kantar makaranta tana buƙatar iri biyun, amma mai fassara ya yanke shawara tun kafin ya ɗora alƙalami, ba a tsakiyar aiki ba. Mafi munin littafi shi ne wanda aka yi rabi da rabi. A rubutu yarinya ta zama Hadiza tana cin tuwo, a hoto kuwa ga ta sanye da sari, gabanta faranti da gurasar Indiya. Yara suna gani. Ɗan aji biyu zai ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai wannan ba tuwo ba ne," kuma daga nan ya daina yarda da littafin.

Ka'idar da ta fi aiki ita ce a bar abin da ido yake gani yadda yake, a mayar da abin da kunne yake ji Hausa tsantsa. Sunan abinci ya zauna, a bi shi da bayani na kalmomi kaɗan a cikin jimlar kanta: roti, wata gurasa mai faɗi da ake gasawa a kasko. Kada a sa bayani a ƙasan shafi, yaro ba ya sauka can. In baƙin kalmomi sun yi yawa, a ware shafin ƙarshe a jera biyar ko shida da ƙananan hotuna. In sun wuce haka, littafin ya fi ƙarfin ajin.

Daga ina za a samo, kuma wa ya ba da izini

Nan ne ayyuka masu kyakkyawar niyya suke faɗawa rami. Fassara haƙƙin mai littafi ce. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne, wadda take kare haƙƙin marubuta tsakanin ƙasashe, a 1993, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Malamin da ya ga littafi mai kyau a kasuwa ya fassara ya buga ya raba wa makarantu ya taka doka, ko da bai karɓi sisi ba.

Ƙofofi uku ne a buɗe. Ta farko, tsofaffin ayyukan da wa'adinsu ya ƙare. Hans Christian Andersen ya rasu a 1875, 'yan'uwa Grimm a 1859 da 1863, don haka asalin labaransu na kowa ne. Tarkon da ke nan shi ne fassarar Turanci ta zamani da sababbin hotunan da ke cikin bugun da kake riƙe da shi suna da nasu masu haƙƙin. Labarin ne ya kuɓuta, ba bugun ba. Ta biyu, a rubuta wa kamfanin da ya buga littafin a nemi izini, a faɗi harshe, da yawan kwafi, da yankin da za a raba, da cewa ba na sayarwa ba ne. Yana ɗaukar lokaci, kuma amsar baki ba ta wadatar, sai a rubuce.

Ta uku ita ce mafi sauƙi ga makaranta: littattafan da aka saki da lasisin Creative Commons, wato izinin da mai littafi yake ba kowa ya yi amfani da shi kyauta bisa wasu sharuɗɗa. African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, da Book Dash, da Bloom na ƙungiyar SIL, duk suna da labarai masu hotuna da ake saukewa kyauta, wasunsu ma an riga an mayar da su Hausa. Sai dai a karanta haruffan da ke jikin lasisin. BY yana nufin a ambaci marubuci da mai zane da inda aka samo, kuma a bayyana in an canza wani abu. NC ya hana sayarwa. SA ya wajabta a saki fassarar da irin lasisin da aka same ta. ND kuwa ya hana a raba abin da aka juya, fassara kuma juyi ce, don haka duk littafin da ke ɗauke da ND a wuce shi. Shafin da ke ɗauke da waɗannan sunaye shi ne wanda masu injin bugawa suka fi saurin cirewa don rage takarda. Kada a yarda, domin da shi lasisin yake tsayawa. A ƙara sunan mai fassara a wurin.

Wani abu da ba a cika tunawa ba: ba dole ba ne komai ya biyo ta Turanci. A Zariya da Kaduna akwai malaman Larabci da za su iya ɗauko labarin yaran Masar ko Sudan ko Maroko kai tsaye, akwai kuma masu Faransanci a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da za su iya kawo na Senegal da Mali. In Turanci ne kaɗai mashigar, to duniyar da yaro zai gani ita ce wadda Ingila da Amurka suka riga suka tace. Kanta mai take 40, wato littattafai 40 daban-daban, ya kyautu kusan rabinta ya fito daga sauran ƙasashen Afirka, saura a raba tsakanin labaran gida, ƙasashen Larabawa, Asiya, Kudancin Amurka da Turai.

Zaɓen kansa a yi shi kafin fassara, ba bayanta ba. A zaunar da malamin aji, da uwa ɗaya, da uba ɗaya daga kwamitin kula da makaranta, da malamin addini, inda makarantar ta haɗa Musulmi da Kirista kuwa a kira na ɓangarorin biyu. A nuna musu hotuna shafi bayan shafi, domin a hoto rigima take tashi: kare a kan gado, naman alade a tebur, kwalbar giya, yaro yana ɗaga wa uwarsa murya. Ma'aunin da ke raba gardama shi ne bambanci tsakanin littafin da yake nuna mutane suna rayuwarsu da ibadarsu, da wanda yake kiran yaro zuwa gare su. Na farko shi ake nema. Iyayen da suka san aya ta 13 a Suratul Hujurat, inda Allah ya ce ya sanya mutane dangogi da ƙabilu domin su san juna, ba sa wahalar gane wannan in an yi musu bayani da mutunci. Abin da yake fusata su shi ne su ga littafi a jakar ɗansu ba wanda ya shawarce su. In kwamiti ya ƙi littafi, a ajiye shi a ɗauko wani. Akwai dubbai.

Aikin fassarar

Littafin yara ƙarami ne, shi ya sa ake raina shi a ba duk wanda ya iya Turanci. Alhali jimla mai kalma bakwai da ɗan shekara bakwai zai karanta shi kaɗai ta fi sakin layin jarida wuya.

Mai fassara ya fara karanta littafin duka sau biyu tare da hotuna, sannan ya rufe shi ya ba da labarin da baki kamar yana gaya wa ƙaninsa. Wannan zubin na baka shi ne ƙashin bayan fassarar. Bayan haka ya koma shafi-shafi ya daidaita. Wanda ya bi jimlar asali kalma bayan kalma zai fito da Hausar da babu uwar da ke yi wa ɗanta ita.

Hausa tana tilasta wasu hukunce-hukuncen da asalin bai yi ba. Kowace dabba sai an ba ta jinsi: kura ta, zomo ya, kunkuru ya, giwa ta. In a asali giwar namiji ce mai suna, to ko a ce toron giwa tun shafin farko, ko a riƙe "ta" har ƙarshe, amma kada ta zama "ya" a shafi na 9. Dangantaka ma haka. Turanci da kalma ɗaya yake kiran ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba, mu kuwa sai mun san kawu ne ko baffa, goggo ce ko inna, yaya ne ko ƙane. A nemi amsar a cikin labarin, in babu a zaɓi ɗaya a rubuta a takardar aiki don kada a sauya. Gaisuwa a yi ta yadda ake yi. Yarinyar da ta shiga ɗakin kakarta da safe za ta ce "Kaka, ina kwana," ko da a asali kalma ɗaya ta faɗa. Sautuka kuma a ba su na Hausa: abu ya faɗa ruwa tsundum, ƙofa ta rufu garam, yaro ya yi tsit. Waɗannan su ne gishirin karatu a bayyane, kuma su ne abin da injin fassara ba ya kawowa. Injin yana da amfani wajen gane ma'anar kalma, amma yana rikita "ya" da "ta", kuma yana ɗauko zubin Turanci. Ba a ba yara abin da ya fitar ba tare da mutum ya sake rubuta shi daga tushe ba.

In asalin waƙa ce mai amsa-amo, kada a matsa wa ma'ana don a samu ƙafiya. A riƙe maimaici da kari, su yara suke kamawa su yi ta rerawa.

Tsawo ma abin lura ne. Hausa takan fi asali tsawo, sai rubutu ya hau kan hoto. Maganin ba rage girman harafi ba ne, rage kalmomi ne. Ga aji ɗaya da biyu, jimla ɗaya ko biyu a shafi, kowace kada ta wuce kalma takwas. Aji uku da huɗu suna ɗaukar jimla uku zuwa biyar. Kuma kada a ɗauka matakin da aka rubuta a bangon asali shi ne matakin fassarar. Sai an gwada.

Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A samu yara shida daga ajin da ake nufi, biyu masu ƙoƙari, biyu matsakaita, biyu masu rauni, maza da mata, a tabbatar akwai wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce. Kowa ya karanta shi kaɗai a bayyane, mai gwaji yana riƙe da kwafi yana sa alama duk inda yaro ya yi tuntuɓe, ba tare da ya gyara masa ba. Inda uku cikin shida suka tsaya, laifin jimlar ne. Daga ƙarshe a ce ya ba da labarin da bakinsa. In ya kawo farko da tsakiya da ƙarshe, littafin ya yi.

Saura ƙa'idar rubutu, wadda a littafin yara ba ta da sassauci, domin daga nan suke koyon yadda ake rubuta harshen. A bi daidaitacciyar Hausa. Mai fassara ɗan Zazzau ya kula da jinsi, tunda a Zazzaganci ana jin "mace ne", a rubutun makaranta kuwa "mace ce". A raba "ya yi", a haɗe "suna", a bambanta "a kan" da "akan". Fassarar da aka ɗauko daga Jamhuriyar Nijar tana bukatar dubawa, domin can ana rubuta ƴ inda muke rubuta 'y, kuma za a ci karo da kalmomin da suka shigo daga Faransanci, irin su lakwal a maimakon makaranta. Mutum biyu su duba, ɗaya ya riƙe asali, ɗaya kuma kada ya taɓa ganin asalin.

Wurin bugawa

Haruffa masu lanƙwasa su ne suke fara mutuwa. An aika rubutu lafiya lau, kwamfutar mai bugawa ba ta da irin harafin, sai ɓ da ɗ da ƙ su koma akwatuna, ko a maye su da b da d da k, ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki. A yi amfani da harafin Andika na SIL, kyauta ne, an yi shi don masu koyon karatu, yana da dukkan haruffan Hausa. A aika aikin a PDF da harafin a ciki, kuma a ga kwafin gwaji a takarda kafin a ce a ci gaba. Girman harafi ga ƙananan azuzuwa kada ya gaza 18, in ya kai 24 ya fi.

Lissafin takarda ga shi. Fallen A4 in aka ninke shi biyu yana ba da shafi 4, don haka yawan shafuka dole ya rabu da 4: 16, 20, 24. Littafi mai shafi 24 falle 6 ne. Akwatin aji mai take 40, kwafi bibbiyu, littafi 80 ke nan, falle 480, wato kusan rim guda mai falle 500, banda bango da abin da zai lalace. A nemi takarda mai nauyin giram 100 in hali ya yi, domin mai 70 hoto yana ratsa ta ya dame rubutun bayanta. Bango ya zama kwali mai giram 250 zuwa 300, a lulluɓe shi da leda. Tawadar ruwa tana zuba da zarar ɗigo ya taɓa ta, tawadar gari kuwa ba ta zuba. Ƙusar maƙala takarda tana tsatsa da damina ta ci tsakiyar littafi, don haka ɗinkin zare ya fi daɗewa. In kuɗin launi babu, tun wajen zaɓe a ɗauki littattafai masu zanen layi, domin hoto mai duhu in aka buga shi baƙi da fari dunƙulen toka yake zama. In kwafin zai kai ɗaruruwa na take ɗaya, babban injin faranti ya fi araha, kuma a nan ne ya dace makarantun gunduma ɗaya su haɗa kai su buga tare.

Bayan littafi ya shiga makaranta

Jagoran ɗakunan karatu na makarantu da IFLA, ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, da UNESCO suka fitar a 2002 ya ba da shawarar littafi 10 ga kowane ɗalibi, mafi ƙanƙantar makaranta kuma ta mallaki 2,500. Makarantun gwamnati da yawa ba su da ko ɗakin, inda aka taɓa ware shi ma cunkoso yakan mayar da shi aji. Jiran gini bai kamata ya tsayar da karatu ba. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo a kowane aji yana wadatarwa, a riƙa musanya akwatuna tsakanin azuzuwa masu mataki ɗaya kowane zango, sai yaro ya ga take 120 a shekara. A ɗora akwatin kan bulo, a janye shi daga bango saboda gara da danshin damina, a goge ƙurar hunturu duk mako.

Babban abin da ke kashe littafi ba gara ba ce, kulle ne. Hedimasta ya sa hannu ya karɓi kwafi kaza, ya san ranar da masu duba makarantu suka zo za a ƙirga, in ya gaza shi za a tuhuma. Sai ya kulle su a ofis, su shekara sababbi fil. Tsoronsa yana da dalili, kuma ba wa'azi ne zai cire shi ba. Takarda ce daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko daga SUBEB (hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha), wadda ta ce an yarda wani kaso, misali 10 cikin 100, ya lalace ko ya ɓata a shekara, kuma abin da mai dubawa zai nema shi ne rajistar aro, ba kyawun bango ba. Duk mai ba makaranta littattafai ya nemi wannan takarda tare da kayan.

Rajistar ba ta wuce littafin rubutu mai layi huɗu ba: kwanan wata, sunan yaro, lambar littafi, ranar dawowa. Ɗalibai biyu, mace da namiji, za su iya riƙe ta. A ba da aro ranar Alhamis a karɓa Litinin, a sa littafin a leda. Wanda ya yage a gyara shi da gam da zare a gaban yara. Kada a yi duka a kansa, kada a ci tara mai nauyi, domin yaron da aka daka saboda littafi ba zai sake ɗauka ba, iyayen da aka ci tara kuma za su hana.

Lokacin karatu sai an rubuta shi a jadawali, minti 30 sau biyu a mako, in ba haka ba wani darasi zai cinye shi. Malami ya karanta littafin shi kaɗai tun jiya. A aji ya nuna bango ya tambayi abin da suke zato, ya nuna ƙasar a taswira, da inda Kaduna take, sannan ya karanta yana juya hoton ga kowane layi na benci. Ya tsaya sau biyu ko uku kawai. Irin tambayar ita ce take tabbatar da ko manufar 4.7 ta shiga ko ba ta shiga ba. "Mene ne sunan babban birnin ƙasar?" jarrabawa ce. "Me ya sa ta ɓoye wa babanta? In ke ce, wa za ki fara gaya wa?" ita ce take sa yarinya ta shiga rigar wata. A tambayi abin da ya yi kama da namu kafin abin da ya bambanta. In yara suka yi dariyar abincin wasu, malami kada ya tsawata, ya tambaye su yadda za a bayyana wa yaron can daddawa ko kuka. Kuma a guji kantar da duk labaranta na Afirka yunwa ne da yaƙi, na Turai kuwa jin daɗi. Wannan ma darasi ne yake koyarwa, mummuna.

Ƙetaren kogi

Bayan yaƙin duniya na biyu, Jella Lepman ta koma Jamus, ƙasar da ta guda saboda ita Bayahudiya ce, ta nemi ƙasashe su aiko wa yaran Jamus littattafansu. Daga nan aka kafa ɗakin karatun yara na ƙasa da ƙasa a Munich a 1949, sannan IBBY, ƙungiyar littattafan yara ta duniya, a 1953. Tunaninta shi ne yaran da suka san juna ta littafi za su yi wuyar zama maƙiya.

Kaduna ta fi yawancin garuruwa bukatar a ɗauki wannan da gaske. Tun rikice-rikicen 2000 da 2002 mazauna birnin suka ja baya zuwa ɓangarori biyu na kogi, har aka samu yaran da suka tashi a Tudun Wada ba su da aboki ko ɗaya a unguwar Television, da na Narayi da ba su taɓa shiga gida a Unguwar Sanusi ba. Akwatin da ya kawo Japan da Brazil amma bai kawo Kagoro da Kachia ba ya tsallake abin da ya fi kusa kuma ya fi wuya. A ganinmu, cikin take 40 aƙalla 8 su zama labaran Gbagyi, Atyap, Bajju, Ham, Adara da Fulani da aka mayar Hausa, makarantun kudancin jihar kuma su samu labaran Zazzau.

Irin waɗannan ba a sauke su daga intanet da yawa, sai an yi su. A je wurin dattijo ko tsohuwa mai labari tare da ɗan harshen, a nemi izini a bayyane, a faɗa musu inda littafin zai je, a ɗauki murya da waya. Ɗan harshen ya rubuta a harshensa tukuna, sannan a fassara zuwa Hausa, a sake karanta wa mai labarin ya ji ko an taɓa masa wani abu. A buga harsuna biyun a shafi ɗaya, na asali a sama, Hausa a ƙasa, da girman harafi ɗaya. Sunan mai labarin ya hau bango a matsayin marubuci. Zanen a ba wanda ya san suturar wurin da gininsu, in ba haka ba zai zana kowa da babbar riga. Harsunan nan suna da haruffa da alamomin da mai injin bugawa bai saba gani ba, don haka kwafin gwaji ya koma hannun wanda ya iya rubuta harshen kafin a buga. In mai labarin ya amince, a saki littafin da lasisin BY a ɗora shi a African Storybook ko Bloom, inda malami a Kenya ko Indiya zai iya ɗauka ya juya wa nasa ɗaliban.